Tafin Hannun Mai Hoto

Asabar, 20 ga wata, bayan la'asar

Mun iso. Tun daga gindin dutse kunnuwana suka toshe, hanya tana ta murɗewa, ni ina ta salati, direba kuwa ko a jikinsa, har waƙa yake bi. Garin a maƙale yake jikin dutse, gida bisa gida, rufin wani daidai ƙofar wani. Sanyi kuwa ba a magana. Na sa rigar sanyi biyu da safa biyu, har yanzu haƙorana kaɗawa suke yi.

Ɗakinmu a bene yake. Gado biyu, tebur mai gurguwar ƙafa, da abin ɗumama ɗaki da ke ƙara kamar tsoho mai tari. Taga tana kallon hasumiyar agogo. Bayan hasumiyar akwai wani dogon farin gini. Na ja labule ta wannan gefen.

Yara sun san hutu muka zo. Ai kuwa hutun ne, an rufe makaranta, na kulle ajina na miƙa makulli. Auta ya yi ta tsiya a tasha, wai Baba sai da ya tsufa ya koyi soyayya, shekara talatin da 'yan kai bai taɓa kai Mama ko bakin kogi ba, yau ga shi har kan dutse. Mai Hoto, maigidan nawa, ya yi dariya. Ni ma na yi, ta dole.

A mota ya sa na sake yi masa alkawari: ba wanda zai ji abin da ya kawo mu, ballantana 'yar fari. Cikinta ya shiga wata bakwai, tana kwance, likitanta ya ce ko tsintsiya kada ta ɗauka, kuma kada a kuskura a tayar mata da hankali. Biyu sun riga sun zube mata. Na yi alkawarin. Ni da nake sa 'yan ajina tsallen kwaɗo a kan ƙarya, yau ga ni.

Na tura musu saƙo: lafiya lau muke.

Lahadi, 21 ga wata, bayan magariba

Ashe mutumin nan da shirinsa ya zo. Da safe ya zazzage jaka a kan gado, huluna birjik, da gyalena duka, har da wanda na daina yafawa. Ya ce, "Malama, aiki za mu yi irin na gidan biki. Mai hoto mai hankali ba ya jira sai an tambaya, tarawa yake yi. Kwana uku za mu zagaye garin nan kaf, muna canza hula da gyale. Daga nan kullum ki saki ɗaya."

Na ce, "To, ƙaryar ma sai an yi mata tanadi?"

Ya ce, "Ai ita ce ta fi buƙata."

Da tsohuwar ganuwa muka fara. Matakala ce ta dutse ba iyaka, ƙafafun mutane sun cinye tsakiyarta. Ya tsaya hutawa ya fi a ƙirga, kowane karo wai haske yake dubawa. Na bar shi da haskensa. Daga sama ana ganin garin duka, hayaƙi yana fita daga kowane rufi, gajimare a ƙasan ƙafarmu. Wallahi da kyau. Haushi ma ya ba ni da ya yi kyau haka.

Sai ya miƙo mini waya, ya je jikin ganuwa ya tsaya yana gyara hula. Na saki baki ina kallonsa. Mutumin nan ya ɗauki rabin garinmu hoto, na suna, na biki, na gama makaranta, amma shi ba a ɗaukarsa. Duk wanda ya ɗaga masa kyamara, tafin hannu zai sa ya tare, ya ce, "Ajiye abin nan, ba ka iya ba." Hotunan tafin hannunsa a gidanmu sun yi yawan da yara suka haɗa su a kundi guda, suka rubuta Baba a bangonsa. Ko ranar aurenmu ni kaɗai ce a hoto, ni da kujerar da ya tashi daga kai.

Ya ce, "Ɗauka mana, Malama, na fara daskarewa."

Na ɗauka. Na yanke masa rabin hula. Ya duba ya ce ba laifi. Ba laifi! Shi da yake yaga hoto saboda inuwar hanci.

Litinin, 22 ga wata, bayan la'asar

Yau keken sama muka hau, wani akwatin gilashi ne rataye a igiyar ƙarfe da ke jan mutane zuwa ƙololuwar dutse. Na rufe ido tun daga ƙasa, ina riƙe da hannun rigarsa. Ya ce, "Buɗe ido ki ga tafki." Na ce, "Tafkin ya gan ni." A sama iska kamar ta sure mutum. Mun canza hula da gyale a bayan wani shagon shayi, mai shagon tana ta satar kallonmu, na san ta ɗauka ba mu cika ba.

Bai ci burodinsa ba. Wai ya ƙoshi. Rigar da aka ɗinka masa bara yanzu mutum biyu za ta ɗauka, shi ya sa yake cewa in riƙa ɗauka daga ƙirji zuwa sama.

Na tura hoton ganuwa. Auta ya turo dariya da tsiya. 'Yar fari ta rubuta: Ma sha Allah.

Talata, 23 ga wata, bayan magariba

Gidan tarihi, kasuwa, hasumiyar agogo. Ƙafafuna sun mutu. A gidan tarihi tukwane ne da takubba da wata tsohuwar keken saƙa, mai gadi yana ta bin mu kamar za mu sa takobi a aljihu. Kasuwar kuwa a kan matakala take, kowane shago ya ɗara na ƙasansa tsayi, ƙanshin gasasshiyar masara ko'ina. A nan ya tsaya wurin wata mai saƙa ya sayi 'yar hular jariri, ruwan ƙwai, ba ta kai tafin hannunsa ba. Ya miƙo mini ya ce in ajiye in ba jikanmu in ya zo. Na ce, "Ni 'yar aikenka ce? Kai ka saya, kai za ka sa masa." Na cusa masa ita a aljihu.

A gindin hasumiya ya yi ta juya ni. "Matsa hagu. Ƙara. Kada farin ginin ya shigo." Bai shigo ba.

Laraba, 24 ga wata, da sassafe

Yau farin gini.

Laraba, bayan azahar

Kujerun roba masu sanyi, takarda mai lamba, dogon zaure mai warin magani. Sun ɗibi jini, sun sake ɗiba. Sun sa masa wata riga mai igiya a baya, sun tura shi cikin na'ura. Na zauna riƙe da hularsa da agogonsa. Wata mata kusa da ni ta tambaye ni daga ina, na faɗa mata, ta ce ita ma daga nesa.

Na tura hoton gidan tarihi. Lafiya lau muke.

Alhamis, 25 ga wata, da yamma

Keken sama. Ma sha Allah.

Juma'a, 26 ga wata, bayan la'asar

'Yar fari ta kira. Na tambayi jikinta, ta ce da sauƙi, mijinta yana auna mata jini safe da yamma, surukarta tana girki. Sai ta ce, "Mama, Baba fa?"

A lokacin yana banɗaki, abin da ya ɗan ci da rana yana dawowa. Na buɗe famfon wanke hannu da ƙarfi na ce, "Wanka yake yi."

Ta ce, "Jiya ma wanka. A wannan sanyin?"

Na ce, "Kin san ubanki da tsabta."

Ta yi shiru. Yarinyar nan tun tana ƙarama shirunta ya fi kukanta ba ni tsoro. Can ta ce to a gaishe shi, ta kashe.

Da ya fito na ce masa ni fa na gaji. Ya ce, "Sannu, Malama." Ba faɗa, ba musu, sannu kawai. Ina mutum zai kai fushinsa in an ce masa sannu?

Asabar, 27 ga wata, da hantsi

Jira. Abin ɗumama ɗaki yana ta tarinsa. Shi ma.

Litinin, 29 ga wata, bayan magariba

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yar fari ba. Ta juyo mana da allon kwamfuta ta nuna wurin da bakin biro. Ni ban ga komai ba sai toka-toka. Shi kuwa ya matsa kusa, ya sa tabarau, ya ce, "Hoton ya fita tas. Wa ya ɗauka?" Kamar in make shi.

Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta ba.

Ta ce aiki za a yi Litinin mai zuwa. Ta ce in ba a yi ba, ba sai ta faɗa ba. In an yi kuma, zuciyarsa ba ta da ƙarfin da take so, ba za ta iya yi mana alkawarin zai farka ba. Ta dube ni, ba shi ba, ta ce, "Mama, in akwai wanda ya kamata ya yi magana da shi, ya yi kafin ranar."

A kan titi na tare shi, mutane suna wucewa, ban damu ba. Na ce, "Ka ji ko? In ba ka farka ba me zan ce wa yarinyar nan? In tura mata hoton kasuwa? Ubanta ya tafi ba ta ce masa ko yafe mini ba, ni uwarta ina ta rubuta mata lafiya lau?"

Ya jingina da bango yana haki. Ya ce, "In kuma ta ji, wannan ma ya zube, me za ki ce mata?"

Gaba kura, baya sayaki.

Talata, 30 ga wata, da rana

Ba mu yi wa juna magana ba sai miƙo kofi, karɓi kofi.

Laraba, 31 ga wata, bayan la'asar

An ba shi gado, kusa da taga. Daga gadon ana hango tagar masaukinmu da labulen da na ja. Ya ce in buɗe shi, ya riƙa ganin hasken ɗakin.

Na tura hoton mai saƙa. Ma sha Allah.

Alhamis, 1 ga sabon wata, bayan azahar

Innalillahi. Asirinmu ya kusa tonuwa, kuma ni na jawo.

Na tashi na tarar gari ya yi fari fat. Dusar ƙanƙara! Tunda uwata ta haife ni ban taɓa gani ba sai a littafin 'yan aji uku. Ta rufe rufi, ta rufe motoci, ta cinye duk wata ƙara, garin tsit. Ina sauri in kai masa ruwan zafi, na tsaya a ƙofa na saki hoton yau, shi a gindin hasumiya, rana tana haska masa fuska, ƙasa a bushe ƙamas. Na rubuta: yau da safe.

Ban kai bakin titi ba Auta ya rubuto: "Mama, yanzu aka nuna garin nan a talabijin, ƙanƙara har gwiwa. Ku a wace unguwa kuke?"

Na tsaya cikin ƙanƙara ina zufa. Na rubuta wai unguwarmu an share. An share! Har kan hasumiya aka hau aka share? Da wani ɗan ajina ne ya kawo mini wannan ƙaryar, da ya sha dariya kafin ya sha bulala.

Da na faɗa wa Mai Hoto, dariya ya yi har ya riƙe ciki, nas ta leƙo. Ya ce, "Shekara arba'in ina aikin nan, na tuna hula, na tuna gyale, na manta sama." Sai dariyar ta tsaya. Ya ce duk sauran hotunan sun tashi aiki, gobe in fita in ɗauko sababbi.

'Yar fari ba ta rubuta komai ba yau. Ko Ma sha Allah ɗin.

Juma'a, 2 ga wata, bayan la'asar

Na je ganuwa ni kaɗai. Matakalar santsi, na zame na zauna daɓas, wasu 'yan mata suka ɗaga ni suna sannu Mama, sannu Mama. A sama ba kowa. Wurin da ya tsaya ranar Lahadi ƙanƙara ta cike shi. Na ɗaga waya na ɗauki bangon haka nan, ba mutum. Hoton ya fita daidai, ba karkata, karo na farko a rayuwata. Na tsaya a wurin na yi kuka mai isata, hawaye suna yi mini zafi a kumatu.

Na tura. Amsar 'yar fari ta zo nan take, kalma biyu: Baba fa?

Ban amsa ba.

Asabar, 3 ga wata, bayan magariba

Na rubuta mata gaskiya, na goge. Na sake rubutawa, na goge. In na tura, ina ganin ta a ƙasa, mijinta yana neman mota. In ban tura ba, ina ganin fuskarta ranar da zan koma ni kaɗai da jakar huluna.

Mai masauki ta hawo da shayi ba tare da na nema ba. Tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Ta dubi labulen ta ce, "Kin buɗe." Na ce eh. Ta ce, "Rabin masu kama ɗakin nan ba ganuwa suka zo gani ba. Ranar farko kowa sai ya ja labulen nan." Ta ajiye kofi ta sauka. Ashe duk canjin gyalen nan ko tsohuwar ƙasan bene ba mu ruɗa ba.

Jibi ne aikin.

Lahadi, 4 ga wata, bayan la'asar

Wannan kam dole in rubuta shi.

Ina zaune bakin gadonsa ina yanke masa farce waya ta yi ƙara. 'Yar fari ce. Ya girgiza mini kai. Na ɗauka duk da haka, ban gama sallama ba ta ce, "Mama, don Allah kada ki ce yana wanka."

Na saki hannunsa.

Ta ce, "Mijina yana nan kusa da ni, abin awo yana hannuna, na sha maganina, a kwance nake. Ba abin da zai same ni. Tun hoton farko na sani."

Na ce, "Kin san me?"

Ta ce, "Mama, tunda aka haife ni ban taɓa ganin fuskar Baba a hoto ba. Rana ɗaya ya tsaya jikin bango ya gyara hula ya bari kin yanke masa rabin kai? Washegari ma haka, jibi ma haka? Ni ya koya wa riƙe kyamara. Na san hoton yawo, na san hoton da mutum yake bar wa 'ya'yansa."

Tana magana a hankali, ba kuka. Ta ce ta yi shiru ne don ta ga muna buƙatar ta yi shiru. Ta ce kullum in ta rubuta Ma sha Allah sai ta juya bango ta yi ta lissafin abin da ya fi muni. "Shirun nan naku shi yake hawar mini da jini, Mama. Ki ba ni ubana."

Yana jin komai, ɗakin tsit yake. Ya sake girgiza kai, yana yi mini nuni da hannu, a'a, a'a, idonsa ya cika. Na tuna alkawarin mota. Na dube shi na ce, "Ka yafe mini, Mai Hoto." Na ɗora masa wayar a ƙirji, na kwashi farcen da na yanke, na fita na ja ƙofa.

Na zauna a kujerar roba. Ban ji abin da suka ce ba, kuma ba zan tambaya ba. Sun daɗe. Sau ɗaya na jiyo dariyarsa. Da na koma ya juya fuska wajen taga, 'yar hular nan ruwan ƙwai tana hannunsa. Bai dube ni ba ya ce, "Ta ce hotunanki duk a karkace suke."

Na ce, "Malamina ne bai iya koyarwa ba."

Mun kira Auta. Shi kam ya yi kuka kamar yaron goye, ya ce yana hanya.

Litinin, 5 ga wata, da safe

Sun shiga da shi. Ya ba ni agogo da tabarau. Hular jaririn ya ce a bar masa a ƙarƙashin matashi, zai dawo ya same ta.

Litinin, da azahar

Ƙofar a rufe. Mijin 'yar fari ya rubuto: jininta daidai.

Litinin, da la'asar

A rufe.

Litinin, bayan magariba

Likita ta fito, ta cire abin rufe baki. Ta ce sun cire abin da za su iya cirewa, sauran bayani sai an auna. Ta ce zuciyar ta ba su tsoro, amma ta riƙe. Bai farka ba tukuna. Na rubuta wa yara daidai yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Talata, 6 ga wata, da yamma

Bai farka ba. Auta ya iso da takalmin da bai dace da ƙanƙara ba, ya faɗi sau biyu kafin ya kai ƙofa. Ya tsaya bakin gado yana kallon robobin da ke hancin ubansa, ya kasa tsiya.

Ban tura hoto ba yau.

Laraba, 7 ga wata, da hantsi

Ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi Auta, ya dube ni. Leɓensa a bushe, nas ta ce kada a sa shi magana. Na rasa abin yi da hannuwana. 'Yar fari tana ta rubutowa, Mama yaya, Mama ki nuna mini shi, ko yaya yake ina so in gani.

Na matsa baya kamar yadda ya koya mini, taga a gefen hagu, daga ƙirji zuwa sama. Na ɗaga waya.

Sai na ga hannun nan mai allura yana tasowa daga kan bargo, a hankali, yana rawa, har ya tare fuskarsa. Daga bayan hannun wata murya kamar ta tsohon ƙyaure ta ce, "Ajiye abin nan. Ba ki iya ba."

Na ɗauka. Tafin hannu ne kawai, da filasta, da gefen matashi. A karkace.

Na tura mata. Ban kai ga zama ba amsa ta shigo.

"Alhamdu lillahi. Baba ya dawo."